Yinin Awa Bakwai: Yadda Na Saba da Duhun Hunturu

Duk wanda ya ji cewa zan koma arewacin Turai da zama, sanyi ne abin da yake fara yi mini kashedi a kansa, ni ma kuwa shi na yi wa tanadi, na cika akwati da riguna masu kauri da safar hannu da hular da ke rufe kunne. Babu wanda ya ambaci duhu, kuma ko da an ambata ba na jin zan gane abin da ake nufi, domin na tashi ne a inda dare da yini suke tafiya kusan kunnen doki duk shekara, in ma ɗaya ya ɗara ɗaya, tazarar ba ta kai mutum ya damu da ita ba. Birnin da na sauka yana kusa da digiri 56 arewa da layin da ya raba duniya biyu, na kuma iso shi a farkon Satumba, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Na yi makonni ina jin daɗin wannan doguwar yamma, ban san bashi nake ci ba, wanda za a zo karɓa bayan wata biyu.

A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa guda a yawancin ƙasashen Turai, kuma a ranar ce na fara gane halin da nake ciki. Ranar Asabar rana ta faɗi da misalin shida saura kwata, ranar Lahadi kuwa biyar saura kwata ta yi sallama, ran Litinin da na tashi daga aiki ƙarfe biyar sai na tarar an kunna fitilun titi, motoci na tafiya da nasu kamar bayan isha'i. Daga nan yini ya riƙa zaizayewa da kusan minti huɗu a kowace rana, wato kusan rabin awa a mako, kafin saurin ya ragu a ƙarshen Nuwamba, har aka kai ga ranakun Disamba da rana take fitowa wajen tara saura minti ashirin ta faɗi wajen huɗu saura minti ashirin. Awa bakwai ke nan, kuma a yawancin ranaku gajimare ya rufe sama ruf. Ko ranar da gari ya yi garau, rana ba ta hawa tsaka. A tsakiyar yini in na miƙa hannu na dunƙule shi daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, dunƙulen nan guda shi ne iyakar hawanta, digiri goma da 'yan kai, inuwata kuma ta miƙe a kan titi ta ninka tsawona sau biyar. Hantsi ake yi, sai ya zarce ya zama la'asar sakaliya ba tare da an ratsa ta tsakar rana ba.

Da farko na ɗauka duniya ce take yin nisa da rana a wannan lokaci, ashe akasin haka ne, domin a farkon Janairu ta fi kusantarta, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma tazarar takan kai kimanin miliyan 152. Abin da ke haddasa lamarin shi ne duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23.4, saboda haka a watannin ƙarshen shekara rabinta na arewa yake kauce wa rana, kuma gwargwadon nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu, gwargwadon gajartar yininsa. Sanin wannan bai ƙara mini hasken minti ko ɗaya ba, amma ya sa na daina leƙen sama kowace safiya ina tsammanin gobe za a samu sauƙi.

Jikina ya riga hankalina gane abin da ke faruwa. Tun daga mako na biyu na Nuwamba na fara barcin awa goma in tashi kamar wanda aka yi wa duka, agogo ya yi ta ƙara ina kashewa, idan kuma na ɗaga labule na ga duhu da ƙarfe bakwai, sai zuciyata ta ce ai da sauran dare, a koma. An ce komai nisan dare gari zai waye, amma ba a faɗi ƙarfe nawa ba. Kwaɗayin kayan zaƙi ya kama ni, ni da a da ban damu da su ba, a wurin aiki kuma ina iya karanta shafi guda sau uku ban riƙe komai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne yadda na janye jiki daga mutane ba tare da na yi niyya ba. Waya ta yi ƙara in dube ta in ce zan kira an jima, a gayyace ni wuri in ƙirƙiro uzuri, har aka gaji aka daina gayyata. Duk wannan na ɗora shi a kan lalaci, na riƙa yi wa kaina faɗa cewa mutanen garin nan suna tashi suna kai 'ya'yansu makaranta cikin wannan duhun, ni wane ne da zan kasa.

Dabarun da na fara yi kuwa duk sun ƙara dagula al'amarin. Na ninka gahawar da nake sha, har da ta yamma. Da na dawo gida sai in kunna kowace fitila da ke ɗakin, in zauna gaban kwamfuta da waya har ƙarfe ɗaya na dare, wai ina rama yinin da aka ƙwace mini. Ranar Asabar da Lahadi kuma in biya bashin barci har kusan sha biyu, kafin in yi wanka in karya in gama 'yan aikace-aikacen gida, rana ta yi ja ta tafi abinta. Wata rana na zauna na yi lissafi, na ga na yi kwana tara a jere ban tsaya a waje cikin hasken yini na minti goma ba, domin ina shiga ofis ƙarfe takwas kafin rana ta fito, teburina yana nesa da taga, a kansa nake cin abincin rana, kuma ba na fita sai bayan ta faɗi.

Wani abokin aikina da ya shekara ashirin a ƙasar ne ya dube ni wata safiya ya ce in je in ga likita, kada in tsaya jin nauyi, domin shi ma ya shiga irin wannan hali a shekararsa ta farko. Na je ina jan ƙafa. Likitar ba ta yi mamakin komai ba. Ta tambaye ni awa nawa nake barci, yaushe abin ya fara, ko ya taɓa samuna a wani lokaci na shekara, sannan ta dube ni sosai ta tambaya ko rayuwa ta taɓa fita daga raina, ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ta sa aka ɗebi jinina domin a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ba kuma matsalar tayirod ba, wato halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, tunda dukansu suna kawo irin wannan kasala. Daga nan ta bayyana mini cewa akwai ciwon damuwa mai bin yanayin shekara, wanda yake zuwa da kaka ya tafi da bazara, kuma alamominsa su ne waɗanda na lissafa mata, yawan barci da kwaɗayin zaƙi da nauyin jiki da gudun mutane. A shekarar 1984 ne wani likitan ƙwaƙwalwa, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka fara bayyana ciwon a rubuce suka raɗa masa suna. Shi kansa Rosenthal daga Afirka ta Kudu ya koma New York a 1976, a jikinsa ya fara jin abin da hunturun arewa yake yi wa baƙo, kuma jin haka ya sanyaya mini rai fiye da yadda na zata. Nawa, in ji likitar, bai yi tsanani ba, amma ta ce in dawo nan take idan na kasa zuwa aiki ko na ji baƙin tunani ya fara shigo mini, domin masu tsananinsa sukan buƙaci magani ko zama da ƙwararre.

Gwajin jini ya nuna bitamin D ya yi ƙasa a jikina. Fata ce take haɗa shi idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta, a wannan yanki kuwa daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta hawa yadda wannan haske zai ratso sararin sama ya iso da ƙarfi, baƙar fata kuma ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa abin da ya isa. Shi ya sa a Birtaniya, alal misali, hukumomin lafiya suke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara. Ta rubuta mini ƙwayoyin, amma ta ja kunnena cewa domin ƙashi da tsoka ta ba ni su, kada in sa rai su kaɗai za su dawo mini da walwala.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne bayanin agogon jiki. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin gungu na ƙwayoyin halitta da ke tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki, kuma wannan agogo ba ya cika awa 24 cif, a yawancin mutane yakan ɗara da 'yan mintoci, saboda haka kullum sai an saita shi. Haske ne mai saita shi, ta hanyar wasu ƙwayoyi na musamman a cikin ido waɗanda aikinsu auna ƙarfin haske, ban da na gani. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin wanda yake sanar da jiki cewa dare ya yi, kuma tun 1980 Alfred Lewy da abokan bincikensa suka nuna cewa haske mai ƙarfi yana dakatar da shi a jikin ɗan Adam. Lokacin da hasken ya shiga ido shi ne kan gaba, domin na safiya yana jawo agogon ya zo da wuri, na dare kuma yana tura shi ya makara. Da na ji haka sai na ga ni da hannuna nake karkatar da agogona, ina hana shi haske da safe lokacin da yake nema, ina ɗura masa da tsakar dare lokacin da ba ya so.

Ban gama yarda ba sai da na auna. Na sauke wata manhaja a waya mai auna haske da ma'aunin da ake kira luks, wadda ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna tazara. A ɗakin kwanana da fitila a kunne na samu ƙasa da 100. A teburina na ofis, inda nake ganin haske ya wadata, kimanin 300. Na fita waje da tsakar rana, a ranar da sama ta yi toka-toka har nake cewa babu rana, sai ga lamba ta haura 1,500. Ranar da gari ya washe kuwa ta wuce 10,000, tsakar ranar bazara kuma takan kai 100,000. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a sha'anin haske dai bai sani ba, domin yana sajewa da duk abin da ya samu har ya sa mutum ya ɗauka ofis da waje kusan ɗaya ne. Ranar da na raina ta ninka fitilar ofis sau biyar.

Na sayi fitilar da aka ƙera domin wannan matsala, mai ba da luks 10,000 idan an zauna a tazarar da aka rubuta a jikinta, wadda kuma aka tace mata hasken da ke cutar da fata da ido. Ƙa'idarta ita ce a zauna gabanta kimanin minti talatin da safe, jim kaɗan bayan tashi, ido a buɗe amma ba a ƙura mata shi ba, a ajiye ta a gefe ana karyawa ko ana karatu. Likitar ta riga ta tambaye ni ko ina da ciwon ido ko larurar nan da ke sa mutum ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, domin masu irin waɗannan sai da sa idon likita. Duk da wannan bayani, ranar da fitilar ta iso sai zumuɗi ya kwashe ni na kunna ta ƙarfe tara na dare, na zauna gabanta kusan awa guda ina jin daɗi, ranar kuwa ban runtsa ba sai bayan ƙarfe uku. Daga nan na mayar da ita kan teburin cin abinci, na tsayar da ƙarfe bakwai saura kwata a matsayin lokacin tashi, har da Asabar da Lahadi, kuma wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba ni wuya a cikin duk abin da na yi. A kwanakin farko na yi ɗan ciwon kai, sai na ƙara matsar da ita baya kaɗan ya wuce.

Fita da tsakar rana ita ce ta biyu. Na roƙi shugabar sashenmu ta bar ni in riƙa ɗaukar minti arba'in a waje, in biya da yamma tunda yammar dama duhu ce, ta amince ba tare da wata doguwar magana ba. Nan ne na gane tufafin da na kwaso ba su dace ba, domin riga guda mai kauri takan sa mutum gumi yana tafiya, auduga kuma ta riƙe gumin ta huce a jiki. Hawa uku ake sawa, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya ta ulu mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, in zafi ya yi a cire ɗaya. Sau ɗaya na sha ƙasa a kan siririyar ƙanƙarar nan da ke shimfiɗe a kwalta ba a ganinta, na yi mako ina ɗingishi, daga nan na sayi takalmi mai haƙora a tafinsa na kuma koyi taka gajeriyar sawu kamar agwagwa, hannu a waje da aljihu. Wata yamma kuma saura ƙiris mota ta kwashe ni a mararraba, domin baƙar riga ce a jikina, tun ranar nake ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a hannu.

Sauƙin bai zo dare ɗaya ba. Bayan kamar kwana goma na lura na farka kafin agogo ya yi ƙara, bayan mako uku kuma na kira mutum biyu da na daɗe ina guje wa wayarsu. Akwai makon da aka yi ta ruwa da iska ban fita ba, na koma barcin safe, sai kasalar ta dawo kamar dama tana bakin ƙofa, na sake farawa daga tushe. Zuwa ƙarshen hunturun farko dai ina iya cewa na jure, amma jurewa ce irin ta mai zaman jiran mota, ido a kan hanya, ana ƙirga kwanakin da suka rage kafin Maris.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta fara sa ni tunanin ko akwai abin da ya wuce jurewa. Kullum da ƙarfe huɗu takan kunna 'yar ƙaramar fitila a tagarta, wata rana da muka haɗu a matakala na yi mata ƙorafin duhu, sai ta yi dariya ta ce ita Disamba ne watan da ta fi so, domin bayan ƙarfe biyar babu wanda yake jiran komai daga gare ta. A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Daga baya na karanta labarin Tromsø, wani birni a arewacin Norway da ke kan digiri 69, inda rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Wata mai binciken halayyar ɗan Adam daga Amurka, Kari Leibowitz, ta je can a 2014 ta yi aiki da Farfesa Joar Vittersø, suka gano cewa mutanen da suke kallon hunturu a matsayin lokaci mai nasa daɗin sun fi gamsuwa da rayuwarsu. Ni dai ina da ja a kan yadda ake yawan amfani da irin wannan bincike, domin ce wa marar lafiya ya gyara tunaninsa kawai rashin tausayi ne, kuma da a Nuwamban farko wani ya gaya mini haka da na ƙara tsanar kaina. Sai da agogon jikina ya daidaita sannan maganar ta samu wurin zama. Amma tunanin ma yana da nasa tasirin, domin a wani bincike da Kelly Rohan ta jagoranta a Jami'ar Vermont a kan mutum 177, an raba su biyu, wasu aka ba su fitila, wasu aka koya musu sauya yadda suke tunanin hunturu da tsara abubuwan jin daɗi a cikinsa, bayan hunturu biyu ciwon ya dawo wa kimanin kashi 46 cikin ɗari na masu fitila, da kashi 27 na ɗaya rukunin.

A hunturu na biyu sai na raba yinina gida biyu da gangan. Safiya da tsakar rana na bar wa haske, in neme shi duk inda yake, yamma kuwa na daina yaƙi da ita. Na daina kunna babbar fitilar rufi, na ajiye ƙanana biyu masu haske ruwan ɗorawa a kusurwa, wani lokaci in ƙara da kyandir, waya kuma in ajiye ta a wani ɗaki tun ƙarfe tara. Abin mamaki, duhun da nake gani a matsayin ɓarawon yini sai ya zama mai ba ni lokaci. Daga biyar da rabi zuwa goma awa huɗu da rabi ne, babu abin da ke kirana waje, babu jin cewa ina asarar kyakkyawar rana. A cikinsu na karance manyan littattafan da na shekara uku ina ɗagawa, na koyi ɗinkin hannu har na gyara rigunana da suka yage, na koma rubuta dogayen wasiƙu. Na kuma tsayar da daren Alhamis mu huɗu muna haɗuwa a gidan ɗayanmu bi da bi, kuma mun yi sharaɗi cewa ba a aika saƙon tambayar ko za a haɗu, domin na san kaina, in aka ba ni ƙofar uzuri zan bi ta.

Sama ma ta zama abin kallo, wanda ban taɓa tsammani ba. A bazarar wannan yanki rana takan fito kafin ƙarfe biyar, ba mai ganinta sai mai gadi, amma a Disamba ina tsaye a kan gada da tara saura, na yi barcina na ƙoshi, ina kallon fitowarta a tsanake. Saboda a karkace take hawa da sauka, jan alfijir da na almuru sukan daɗe, bayan ta faɗi kuma akwai kusan minti arba'in da biyar da gari yake yin shuɗi mai zurfi kafin duhu ya rufe, fitilun gidaje suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Farin watan hunturu kuwa yana bin hanyar da rana take bi a bazara, ya hau can ƙololuwa ya daɗe, idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa har inuwar rassan bishiya ake gani a kanta. Kaza da 'ya'yanta sukan bayyana a gabas tun ƙarfe shida, ba sai an raba dare ana jiransu ba.

Na fara rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta a wani ɗan littafi, a nan ne na ci karo da abin da ya fi faranta mini rai. Kowa ya san yini mafi gajarta yana faɗowa ne ranar 21 ko 22 ga Disamba, amma littafina ya nuna faɗuwar rana ta daina matsowa tun wajen 14 ga wata, ta fara ja da baya kaɗan-kaɗan, alhali fitowarta ta ci gaba da makara har kusan ƙarshen watan. Na ɗauka kuskure na yi, sai na bincika na ga haka abin yake. A wannan lokaci na shekara, daga tsakar rana zuwa tsakar rana ta gaba yakan ɗara awa 24 da kusan rabin minti, saboda karkatar duniya da kuma kasancewar hanyarta ta kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, don haka yinin gaba ɗaya yake ɗan zamewa gaba a kan agogo. Tun daga nan 14 ga Disamba ta zama ranar da nake yi wa kaina barka, mako guda kafin sauran jama'a. Na kuma daina jin kunyar wannan ƙirge-ƙirge da na ji labarin Rjukan, wani gari a cikin kwari a Norway da duwatsu suke tare masa rana kusan rabin shekara, inda aka kafa motar igiya a 1928 domin ta riƙa hawa da mutane su ga rana, a 2013 kuma aka girka manyan madubai uku a kan dutse suna juyo haske zuwa dandalin garin.

Yanzu hunturu na huɗu nake ciki. Ba na jira sai kasala ta kama ni, tun ƙarshen Satumba nake fito da fitilar in goge ta, in sayi ƙwayoyin bitamin D, in duba tafin takalmi, in jera littattafan da zan karanta a kan kanta. Janairu har yanzu shi ne mai nauyi, domin an kwashe fitilun ado na ƙarshen shekara, sanyi ya ƙaru, safiya kuma tana jan ƙafa wajen dawowa, akwai ranakun da nake fita tafiyar tsakar rana ba don ina so ba. A makon da ya wuce, ranar Alhamis ta ƙarshen Janairu, na fito daga ofis ƙarfe biyar na tarar yamma ba ta gama rufewa ba, akwai sauran haske kore-kore a saman rufin gidaje, wani tsuntsu kuma yana kuka a kan bishiyar da babu ganye ko ɗaya a jikinta. Na tsaya na ciro littafina na rubuta cewa rana ta faɗi biyar saura kwata, awa guda da 'yan mintoci bayan lokacinta na tsakiyar Disamba. Da na isa gida na duba kantar, littattafai uku ne suka rage ban buɗe ba, na ƙirga makonnin da suka saura kafin a mayar da agogo gaba a ƙarshen Maris, na ga da ƙyar za su ishe ni biyu. Na kunna ƙananan fitilun, na jawo kujeru huɗu kusa da juna, domin a ranar ni ne mai masaukin baƙi.